Jaririn kanwata na ta kumfa a baki, likita yace hanyar abinci ta hade da hanyar iska

Rabi Aboabo:
Salamu alaikum yan uwa. Ina rubutu ne daga bakin kofar dakin jarirai a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, tun jiya da la'asar muna nan ko runtsawa ban yi ba. Kanwata Safiya ta haihu ranar Talata da asuba, namiji, haihuwar fari, a wani karamin asibitin kudi da ke kusa da mu. Yaro ya fito ya yi kuka kowa ya ji, amma tunda aka goge shi bakinsa ke tara kumfa fari kaman na omo, a share ya dawo a share ya dawo. Aka sa shi a nono ya ja sau biyu uku sai ya kware, ga tari, nonon na fitowa ta hanci, lebensa ya yi baki kirin. Nas din wurin tace ruwan haihuwa ne ya sha zai wuce, da yamma suka sallame mu. Daren nan dai sai Allah, duk sanda aka gwada bashi nono haka yake yi, Mma tace belu ne a kira wanzami da safe, makwabciyarmu Batona tace asram ne, ciwon jarirai da ake fada a gargajiyar nan Gana, a nemo ganye. Laraba da rana jikinsa ya dau zafi yana numfashi sama sama, na ce wallahi ba zan jira kowa ba, muka tari pragya, keke mai kafa uku, sai asibitin Manhyia. Can wata likita ta zura masa siririyar roba ta baki, roba ta shiga kadan ta tsaya cak, tace kar a kuskura a kara bashi komai ta baki, ta sa masa ruwa a hannu ta turo mu nan da ambulans.

An yi hoton kirji. Likitan tiyata ya zana min a takarda, wai hanyar abincinsa bata kai ciki ba, ta sama ta toshe kaman aljihu, ta kasan kuma maimakon ta hadu da yar uwarta sai ta makale a jikin bututun iska. Sai an yi aiki. Yanzu suna jiran ciwon huhun ya dan lafa su kuma duba zuciyarsa.

Abin da ya sa na rubuto biyu ne. Akwai wanda ya taba ganin irin wannan, yaro na rayuwa? Na biyu kuma, dangin mijin sun fara magana kasa kasa wai daga wajenmu ne tunda Mma ta taba rasa jariri kwana uku da haihuwa, Safiya ta ji da kunnenta, tana zaune da jinin jego tana kuka tana tambayata ko ita ce ta jawo. Gado ne wannan abin ko me?

Hajiya Mariya Sawaba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bashi lafiya ya sa kaffara ne. Rabi ki rike kanwarki, mai jego bata son tashin hankali.

Abdul Alabar:
Allah ya tashi kafadarsa. Idan ana bukatar jini ki fada, ni O ne kuma ina kusa.

Maman Sadiq:
Yaya Rabi kwantar da hankalinki. Sadiq dina ma haka aka haife shi da matsalar makogwaro, sati biyu da haihuwa ya fara wani kara in yana jan numfashi kaman kukan dan tsako, in ya kwanta rigingine ko yana kuka abin ya karu har makwabta na ji ta taga. Ba inda bamu je ba. Karshe likitan kunne da hanci da makogwaro ya leka da wata yar kyamara yace saman makogwaron ne bai yi kwari ba yana fadowa ciki in ya ja iska, yace mu barshi tunda yana shan nono yana kiba. Wata shida abin ya yi tsanani, da ya kai shekara daya da rabi ya bace kaman ba a yi ba, yanzu yana aji hudu shi ke jan baki a makarantar allo. Ni dai shawarata kar ku yi gaggawar yarda a tsaga jaririn kwana uku, wasu abubuwan da kansu suke warkewa.

Nas Hauwa Asawase:
Maman Sadiq don Allah ki yi haƙuri zan saɓa miki a fili, saboda akwai masu karanta wannan maganar da za su iya ɗauka su yi aiki da ita. Abin Sadiq daban na ɗan Safiya daban, ba su ma yi kama ba sai dai duk a wuya suke. Na Sadiq shi ake kira laringomaleshiya, shi ne ya fi kowane sa jarirai wannan ƙarar, kuma gaskiya kika faɗa kusan 9 cikin 10 suna warkewa da kansu kafin shekara 2. Amma na wannan yaron hanya ce babu ita. Ko shekara nawa aka jira ba za ta tsiro ba, kuma ba tare da aiki ba jariri ba ya wuce 'yan kwanaki.

Bari in yi bayani yadda Yaya Rabi za ta iya karanta wa Safiya. A wuyan mutum bututu biyu ne a jere, na gaba na iska ne mai zuwa huhu, na bayansa na abinci ne mai zuwa tumbi. Amma a farkon halitta guda ɗaya ne. Wajen sati na 4 zuwa na 6 da shigar ciki ne yake rabewa gida biyu, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. In rabuwar ba ta kammala ba sai a samu abin da likita ya zana miki. Yana faruwa a wajen haihuwa 1 cikin 3,000 zuwa 4,000, a ko'ina a duniya, Bature da Baƙi da Balarabe. Kuma irin na ɗanku, aljihu a sama da mahaɗa a ƙasa, shi ne ya fi yawa, wajen 85 cikin 100.

Kumfar nan yawunsa ne, ba shi da inda zai haɗiye shi. In an ba shi nono aljihun ya cika ya tumbatsa sai ya zubo cikin hanyar iska, shi ne ƙwarewar da baƙin leɓe. Ta ƙasa kuma ruwan tumbi mai tsami yana hawowa ta mahaɗar nan ya shiga huhu, iskar da yake shaƙa kuma tana bi ta can ta kumbura masa ciki. Shi ya sa nimoniya ke kama su da wuri. Kuma ku tuna hanyar iskar jariri ba ta kai kaurin fensir ba, ɗan abu kaɗan ya ishe ta toshewa.

Yaya Rabi in tambaye ki, cikin Safiya bai yi girma fiye da ƙima ba? Ba a ce mata ruwa ya yi yawa ba a sikan?

Rabi Aboabo:
Kwarai kuwa Anti Hauwa! Har tsokanarta ake wai yan biyu ne, da kyar take numfashi a wata na takwas, ranar da faya ta fashe ruwan har bakin kofa. Sikan sau daya ta yi tun ciki na wata hudu.

Nas Hauwa Asawase:
To wannan alama ce. Ɗan tayi yana haɗiye ruwan da yake ciki, in hanya a toshe take sai ruwan ya taru. Ba kowane yawan ruwa ne ke nuna haka ba, ciwon suga ma na kawo shi, amma duk matar da aka ce ruwa ya yi mata yawa gara ta haihu a babban asibiti, kuma a zura wa jaririn robar nan kafin a sa shi a nono. Gwajin minti biyu ne. In lafiya lau ne roba ta wuce har tumbi, in a toshe ne tana tsayawa a wajen santimita 10 daga baki. Wannan shi ne abin da ya ƙona min rai a labarinki, da an yi shi ranar Talata da huhunsa bai kamu ba.

Abu Yasir Tafo:
Allah ya bashi lafiya. Amma ni zan fadi gaskiya ko ba dadi, mu yan zango mun ki jin magana akan auren zumunci. Dan wa da yar kani, dan kani da yar wa, jini daya na juyawa a gida daya shekara da shekaru, sannan in aka haifi yaro da nakasa a ce aljani ko maita. Ga sikila nan ta cika unguwanni. A nan Kumasi aka fara gwada jarirai don sikila tun 1995, aikin marigayi Farfesa Ohene-Frempong, kuma ana cewa wajen 2 cikin 100 na jariran Gana da ita ake haifarsu, amma har gobe sai a daura aure ba a yi gwajin jini ba. Ni ina ganin wannan ma duk tafiyar daya ce.

Rabi Aboabo:
Malam Abu Yasir, Safiya da mijinta ba abin da ya hada su, mu asalinmu Kano ne shi kakanninsa daga Yendi suka zo. Kuma sun yi gwajin kafin aure dukkansu AA.

Abu Yasir Tafo:
To ayi hankuri Hajiya, ban san haka ba. Amma dai maganar gado bata fita ba tunda kince Mma ta taba rasa jariri.

Nas Hauwa Asawase:
Ɗan uwa maganarka a kan sikila gaskiya ce ina bayanka ɗari bisa ɗari, amma kar mu zuba komai a ƙwarya ɗaya. "An haife shi da shi" daban, "ya gada" daban. Sikila gado ce tsantsa, uwa AS uba AS kowane ciki akwai 1 cikin 4 ya fito SS, lissafi ne a fili. Wannan ta hanyar iska da abinci kuwa mafi yawanta haka nan take faɗowa a gidan da ba a taɓa gani ba kuma ba a sake gani. In yaro ita kaɗai gare shi ba wata matsala, yiwuwar ƙaninsa ya zo da ita wajen 1 cikin 100 ne kawai. Har tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya na da ita ɗayan lafiyarsa ƙalau, alhali ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne.

Inda ƙwayoyin halitta ke shigowa shi ne wajen rabin yaran nan suna zuwa da wata matsalar a wani wuri, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar shiga tiyata sai sun duba. Akwai jerin da suke bi, ƙashin baya, dubura ko a buɗe take, zuciya, ƙoda, da hannu musamman babban yatsa da ƙashin damtse na gaba. Suna kiran wannan haɗuwar VACTERL, ita ma galibi ba gado ba ce. Sannan akwai 'yan kaɗan da tsarin ƙwayar halittarsu ne ya samu ƙari. Kowannenmu yana da kuromosom 46, 23 daga uwa 23 daga uba, in aka samu ƙarin ɗaya a lamba ta 21 shi ne ciwon Down da muka sani, in a lamba ta 18 ne shi ne na Edwards, wanda ya fi tsanani sosai. Waɗannan ma kuskure ne da galibi ke faruwa a lokacin samuwar ƙwai ko maniyyi, ba wani abu ne da dangi ke ɗauke da shi ba in ban da ƙalilan. Akwai wani ciwon da ake kira CHARGE mai taɓa ido da kunne da hanci da zuciya, an gano ƙwayar da ke jawo shi a 2004, amma ko shi yawanci a jikin yaron canjin ke farawa, iyaye ba su da shi. Wanda ake gada kai tsaye daga uwa ko uba, irin ciwon Feingold mai zuwa da ƙaramin kai da gajerun yatsu, yana da wuyar gani ƙwarai.

Jaririn da Mma ta rasa kuwa, shekara talatin ko fiye da suka wuce, a gida, wa ya san abin da ya kashe shi? Shawara, ciwon cibiya, sanƙarau na jarirai, duk suna kashewa a kwana uku. Ba adalci ba ne a ɗauko wannan a ɗora wa yarinya mai ɗanyen jego. Ba abin da ta ci, ba abin da ta ɗauka, ba fitar dare ko wankan magariba da ya jawo wannan.

Hajiya Mariya Sawaba:
Hauwa yata Allah ya miki albarka. Ban so in yi magana ba amma zuciyata ta kasa. Dana na uku haka ya zo, yau shekara ashirin da shida, a gida na haife shi hannun ungozoma. Kumfar nan da Rabi ta fada har yanzu ina ganinta a idona. Aka ce nonona ne ba kyau, aka matse aka jefa tururuwa a ciki wai a gani ko zata mutu, aka hana shi nawa aka rika dura masa madarar gwangwani da cokali, yana kwarewa ana kara dura masa wai yunwa ce. Aka kawo dauri aka bashi. Kwana na uku wanzami ya zo ya cire belu. Daren kwana na biyar ya cika a cinyata, ko suna bai samu ba sai huduba. Shekara da shekaru ina dauke da maganar nan cewa nonona ne ya kashe shi, kishiyata ma ta taba goranta min a cikin fada. Sai yau da nake karanta bayanin nan na gane me ya faru, wallahi ina rubutu ina hawaye. Rabi kije ki gaya wa Safiya wata uwa a Sawaba tace ba laifinta bane, ki fada mata sau goma in ta kama.

Maman Sadiq:
Allahu akbar. Hajiya Allah ya sa mai ceto ne. Anti Hauwa na janye maganata, na dauka duk daya ne. Yaya Rabi ki yafe min, ku bi abin da likita yace.

Jikan Wanzamai:
Ina ta karantawa ina jin ana ambaton wanzami wanzami. Ni gidanmu sana'ar kenan tun kakan kakana, babana har yau shi ke askin suna a layinmu. Ba ina kare kuskure bane amma mutanen nan sun yi wa al'umma hidima lokacin da babu asibiti ko daya a kusa, kaho, kaciya, sakiya, duk su ne. Kuma akwai yaran da basa kama nono ana cire belu su kama, da idona na gani ba labari ba. Kar a mayar da mu kaman masu kashe yara.

Nas Hauwa Asawase:
Ɗan uwa ba wanda ya raina gidanku, ni kaina wanzami ya yi wa 'ya'yana askin suna. Amma belu ba ciwo ba ne, kowa da shi aka halicce shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya. Jaririn da ya kama nono bayan an cire, da an bar shi kwana biyu aka gyara wa uwar riƙo zai kama. Na karɓi jarirai da jini ya ƙi tsayawa bayan cirewa, wasu jinin ya gangara huhu, wasu tetanus. To ka ƙiyasta yaron da dama hanyar haɗiyarsa a toshe take, jinin ina zai je in ba huhu ba? Ni abin da nake roƙo, ku da kuke shiga gidaje kafin mu, kun fi mu ganin jarirai a kwanakin farko. In baba ya ga jariri na kumfa, ko yana baƙi in ya sha nono, ko ramin wuyansa da ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi, ya mayar da aska kube ya ce a tafi asibiti yanzu. Maganarsa ta fi tawa shiga kunnen tsofaffi.

Jikan Wanzamai:
Wannan kam zan iya fada masa, kuma zai ji. Maganar belu dai mu barta wata rana, ban gamsu duka ba.

Malam Tanko Sabon Zongo:
Assalamu alaikum. Allah ya ba yaro lafiya. An kira ni a waya an ce in duba maganar nan saboda wai ana son a kai rubutu asibiti a ɗiga masa a baki. Ina roƙon ku da girman Allah kar a yi. Addu'a ba ta buƙatar ta bi ta maƙogwaro, a tsaya a kansa a karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi, a yi sadaka, uwa ta yawaita addu'a don jinin biƙi ba ya hana zikiri da roƙon Allah. Haka taunin dabino da ake shafa wa jariri a ganɗa sunna ce, amma in likita ya ce komai kar ya shiga baki to an bar shi, kare rai ya gabata. Zuma kuwa dama likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, hadisin na cikin Bukhari, kuma wuƙar likita na cikin maganin.

Batun suna, tunda na san shi ne zai zama rigima ta gaba, ba sharaɗi ba ne sai jariri na gida. Uba ya raɗa masa suna a nan inda yake, ko yau ma ya halatta, a yanka rago ran bakwai in da hali, aski a jinkirta har ya warke. Masu cewa daga dangin wane ne kuma su ji tsoron Allah, shi ne mai suranta ku a cikin mahaifa yadda ya so.

Baban Nusaiba Nima:
Yar uwa Rabi gaisuwa daga Ankara babban birnin Gana, wani abokina ne ya turo min yace in zo in yi magana. Kin tambaya ko yaro na rayuwa. Nusaiba tana nan gabana tana cin waakye, shekararta bakwai. Irin wannan aka haife ta da shi sak, Allah ya taimake mu a babban asibiti aka haife ta aka gane tun ranar farko, kwana biyu aka yi mata aiki a asibitin Korle Bu. Ta gefen dama na kirji suke shiga, su daure mahadar nan su raba ta da bututun iska, sannan su jawo hanyar abinci ta sama da ta kasa su dinke. Tabon na nan karkashin allon kafadarta.

Ba zan boye miki ba akwai wahala bayan aiki, gara ki sani tun yanzu. Wurin dinkin yana tsukewa, mu sau uku aka mayar da ita aka fadada mata kafin ta kai shekara biyu. Tana da tumbidi sosai sai da aka dora ta a magani muka rika daga mata kai in zata kwanta. Sannan ga tari, wani irin tari mai kara kaman ana buga garwa, in ta yi a trotro kowa sai ya juyo wasu har su matsa suna zaton tibi ne. Likita ya mana bayani wai bututun iska guringuntsi ne ke rike da shi zobe zobe kaman awarwaron da bai hade ba, to a yaran nan wurin da mahadar take guringuntsin yana da laushi sai bututun ya rika lotsawa, yana karfi ne a hankali in suna girma. Haka kuwa aka yi yanzu sai in mura ta kamata. Lokacin hunturu ne muke shan wuya da kura. Nama kuma sai an yanka kanana, ta tauna sosai, ruwa na kusa, sau daya tsoka ta taba makale mata muka kwana asibiti.

A dakin da muka kwanta na ga wani yaro da nasa ya fi namu wuya, shi zoben guringuntsin ne ya hade ruf bututun ya tsuke, aka ce irin aikinsa sai manyan cibiyoyi kaman Great Ormond Street a Landan. Sai na gode wa Allah da namu irin wanda ake yi a gida ne. Na karanta cewa kafin 1941 kusan duk jaririn da aka haifa da wannan rasuwa yake, sai a shekarar wani likita Cameron Haight a Mishigan ta Amurka ya fara dinkewa aka dace. Yau a kasashen masu kudi fiye da 90 cikin 100 na rayuwa.

Abu Yasir Tafo:
To mu nan fa? Don kar mu yaudari kanmu da lissafin Turawa.

Nas Hauwa Asawase:
Tambaya mai kyau, kuma amsar ba daɗi. Akwai wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2021, ƙasashe 74, a kan cututtuka bakwai na hanyar abinci da ake haifar jarirai da su har da wannan. A ƙasashe masu arziki mace-macen ba su kai 6 cikin 100 ba, a masu matsakaicin hali wajen 20, a matalauta kusan 40. Ba wai hannun likitocinmu ne bai iya ba. Jaririn ne ke isowa a makare, huhu ya riga ya kamu, jiki ya yi sanyi a hanya, ga ƙarancin injin numfashi da gadaje. Shi ya sa nake ta nanata kwanan farko. Duk wanda ya ga irin wannan, kar a ba shi komai, a ɗaga kansa sama kaɗan, a riƙa share yawun, a lulluɓe shi a jikin uwa don ɗumi, a kira 112 ko a nemi mota. Yaya Rabi ki duba katin inshorar Safiya, in ya mutu ki sabunta ta *929#, jariri na shiga ƙarƙashin na uwarsa a watannin farko, amma ki shirya akwai magunguna da gwaje-gwajen da za a rubuto ku saya a waje. Kuma ta fara tatsar nono tun yanzu duk bayan awa uku har da dare, kar ya ɗauke, za a buƙace shi.

Abdul Alabar:
Yan uwa mu hada wani abu. Ba sai an sa lamba a nan ba, duk mai niyya ya min magana ta gefe in hada shi da Yaya Rabi ya tura ta MoMo. Mu hudu daga bes dinmu zamu je bada jini gobe da safe.

Rabi Aboabo:
Salam yan uwa ku yafe min shiru na kwana biyu. An duba zuciya ance akwai dan karamin rami amma ba mai hana aiki ba zasu rika bibiya, koda lafiya, dubura a bude. Ranar Asabar da safe suka shiga da shi, awa uku da wani abu muna zaune a benci ni da baban yaron ba mai ce wa wani uffan. Likita ya fito yace sun raba mahadar kuma bakin biyu sun kai juna sun dinke. Yana kan injin numfashi har yanzu, sunce kwanakin nan masu zuwa su ne abin ji, dinkin na iya yoyo kuma huhun bai gama washewa ba, don haka kar ku daina addu'a.

Na karanta wa Safiya sakon Hajiya Mariya har sau biyu, ta yi kuka amma daga nan ta karbi kokon da ta ki sha tun safe. Mijin ya karbi wayata ya karanta bayanin Anti Hauwa da na Malam da kansa ya tura wa yayarsa. Uwar mijin ta zo jiya da ruwan zafi a flas da tuwo, bata ce komai akan waccan maganar ba mu ma bamu tayar ba. An rada masa suna Muhammad Auwal, ragon sai Talata a gida ba taro.

Yau da safe nas ta karbi nonon da Safiya ta tatsa, sunce in komai ya tafi daidai zasu fara bashi ta robar da suka bari a hancinsa, mil biyu kacal a farko.

Hajiya Mariya Sawaba:
Alhamdulillahi. Allah ya raya Auwalu. Rabi wane lokaci ake barin shiga? Ina so in kawo wa mai jego kunun kanwa.

Rabi Aboabo:
Dakin jariran uwa da uba kawai suke bari Hajiya, amma Safiya na fitowa waje bayan kowace tatsa. Kizo bayan azahar ki kira ni in kin iso get, zan sauko in taho dake.